Masar Anti: daga kicin ɗin gida zuwa filin baje koli

Matar yayana, wadda muke kira Anti, ta iya masa, wannan kam duk wanda ya taɓa zuwa gidanmu a Kaduna da sallah zai ba da shaida. Irin masar nan ce mai laushi a ciki, gefenta ya soyu ya yi ja, in ka tsaga ta ka ga ƙofofi ƙofofi kamar saƙar zuma. To amma iya masa don mutanen gida daban, iya ta don wani ya ciro kuɗinsa ya biya daban, kuma a tsakanin biyun nan duk abin da zan faɗa ya faru, daga ƙarshen 2023 zuwa bayan ƙaramar sallar 2024. Na ga ya kamata a rubuta shi ne saboda mata da yawa yanzu sun koma sayar da abinci daga gida, kuma abin da ya sami Anti shi ke samun yawancinsu, sai dai kowa ta yi shiru ta ɗauka hannunta ne ya lalace ko kuma baki aka yi mata, alhali abin yana da dalili, kuma dalilin ana iya gano shi.

Kowa ya san yadda rayuwa ta koma bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Kuɗin mota ya ninka, kayan abinci suka bi, kafin tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100. Albashin Yaya kuwa yana nan inda yake. Sai Anti ta ce bari ta gwada, ta soya masa ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp, kuma cikin ikon Allah aka fara kira, wannan suna, wannan walima, wannan 'yan ofis suna son karin kumallo. Ni a lokacin ina zaune a gidan, to ni ce mai kai markaɗe, ni ce mai zubawa a roba, don haka komai a gabana aka yi.

Matsalar ta fito tun ba a je ko'ina ba. Hannu ɗaya, kicin ɗaya, tanda ɗaya, amma masar yau ba ita ce ta gobe ba. Wata rana ƙullin ya tashi har ya ture murfin bokiti ya zubo ƙasa ga tsami kamar me, wata rana kuma a wayi gari yana nan kwance ko kumfa babu, a zuba a tanda ya kama, ya sha mai, a fito da abu mai nauyi da tsakiyarsa ɗanye. A gida in haka ta faru ba wanda zai ce komai, a tsoma a miya a ci a ce Allah ya yi albarka. Kwastoma kuwa ba za ta yi miki faɗa ba, kawai ba za ta sake kira ba ne, sai kin ga hoton sunan ƙanwarta da masar wata sannan ki gane.

Abu na farko da ta fara tuhuma shi ne awo, kuma nan ta yi daidai. Yadda ta koya a wurin mahaifiyarta babu lamba a ciki, shinkafa kwano kaza, dafaffiya ɗan hannu, yis kaɗan, ruwa har sai kin ga ya yi. Masu koyarwa a TikTok da YouTube kuma su ce kofi 4 na shinkafa, to kofin wa? Na shayi ne ko na roba da ake shan ruwa? Shi kansa mudun kasuwa ba ɗaya ba ne, na wani gari ya fi na wani, wani mai awo ya tsoro shi wani ya shafe, wani ma gindin mudun a lotse yake. In za ki yi masar mutum biyar wannan bambancin ba ya nunawa, amma in kika ninka shi don taron suna sai ya zama yis ɗin da ya ishi shinkafar jiya bai ishi ta yau ba. Ta sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir, ta ɗauko ragowar littafin makarantar yara, ta fara rubuta komai: nauyin shinkafa kafin a jiƙa, awa nawa ta yi a ruwa, a ina aka markaɗa, ƙarfe nawa aka sa yis, garin da sanyi ko da zafi, sannan yadda masar ta fito. Umma ta ga littafin ta ce yau kuma masa ce ta koma boko, amma daga baya ita ce mai tambaya an rubuta na yau kuwa.

Kuma ta kafa wa kanta doka ɗaya wadda nake ganin ita ce ta sa gwajin ya yi amfani: abu ɗaya kawai za a canza a kowane ƙulli. In yau yis ake gwadawa to shinkafa da ruwa da lokaci suna nan yadda suke. Da yawa in abinci ya ɓaci sai su canza komai lokaci guda, in ya gyaru ba su san me ya gyara shi ba, in ya sake ɓaci a koma jiya.

Shinkafa ba ta ba mu wahala sosai ba don Anti ta riga ta san sai ta tuwo. Amma akwai lokacin da ta tuwo mai kyau ta yi tsada ta gwada surka ta da 'yar gwamnati, wato wadda aka turara tun tana cikin ƙaiƙayi, abin bai yi ba sam. Ita turarriyar shinkafa sitacin cikinta ya riga ya dahu ya bushe, shi ya sa take warara a dafa-duka, to wannan wararar ce ba a so a masa, ƙullin ba ya haɗe jikinsa, ba ya riƙe iska, masar ta fito da tsaki-tsaki a baki. Abin da ba ta sani ba sai da littafin ya nuna mata shi ne ko a cikin ta tuwon ma sabuwa da tsohuwa ba ɗaya ba ne. Sabuwar da ta shigo da kaka tana da ɗanshi da danƙo, ruwa kaɗan take so, wadda ta kwana biyu a buhu kuwa ta fi shan ruwa. Tun daga nan ta daina sayen mudu-mudu a wurare daban-daban, ta koma mutum ɗaya, in an buɗe sabon buhu ta yi ɗan ƙaramin ƙulli ta gani kafin ta shiga oda da shi.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne wurin inji. Ki auna komai a gida da sikeli, ki miƙa wa yaron markaɗe bokiti, shi kuma ya ɗebi ruwa da gwangwani yana watsawa da ido don injin ya samu ya ja, in ya gama ya ƙara wani ya ɗauraye bakin injin duk a cikin bokitinki. To ina awon ya tafi? Ga shi in an daɗe ana aiki injin ya ɗau zafi ƙullin ya fito da ɗumi, wanda ke nufin ya fara aikinsa tun a hanya. Ga ragowar na wadda ta riga ki, in wake ta markaɗa ko tattasai ke ma kin samu rabonki, akwai ranar da masa ta fito da ɗan ja-ja da ƙanshin attaruhu. Mun gwada bilenda a gida, tana yi in kaɗan ne, amma na oda sai ta yi zafi a tsaya a jira ta huce, wuta kuma ta ɗauke a tsakiya. Abin da ya tsaya a kai shi ne in tafi da ruwanmu a jarka wanda aka riga aka auna, in ce wa yaron da wannan za ka yi kuma kar ka wuce shi, sannan in ba shi ɗan hannu na jiƙaƙƙiyar shinkafa ya fara turawa a wata roba daban don ta wanke injin. Da farko yana ɓata rai, da aka riƙa ɗan ƙara masa wani abu a kan kuɗin sai ya zama shi ke tuna min.

Sai babban, wato yis da yanayin gari. Ƙulli abu ne mai rai. Yis yana cin sukarin da ke ciki yana fitar da iska, iskar ce ke kumbura shi, a gefe guda kuma akwai wasu ƙananan halittu irin na nono masu kawo tsami, su ba a zuba su, suna tare da shinkafar da bokitin da iskar gari. Dukansu ɗumi suke so, wajen digiri 25 zuwa 35 yis ya fi sakin jiki, in ruwa ya yi zafi da yawa har ya kai wajen 60 ya mutu. To ku duba Kaduna da Zariya da Kano, da hunturu cikin dare sanyi na iya sauka ƙasa da digiri 15, a watan Maris da Afrilu kuma da rana ya doshi 40. Ta yaya cokali ɗaya na yis da kwana ɗaya za su ba da abu iri ɗaya a Disamba da Afrilu? Masu bidiyo ba sa faɗin wannan, wata ma a Ingila take ko a ɗaki mai AC, ta ce a bar shi awa kaza shikenan. A sanyin Disamba abin da ya yi wa Anti shi ne kilo 1 na ɗanyar shinkafa, wajen giram 250 na dafaffiya a markaɗa tare, giram 7 na yis a kwaɓa da ruwa mai ɗumi, a lulluɓe bokitin da tsohon bargo a ajiye a kicin kusa da inda aka yi girkin dare. Dafaffiyar nan ita ke ba da laushi, in ta yi yawa kuma masa ta riƙa kama tanda ta ƙi juyuwa, wannan ma sai da aka gani.

Ana cikin wannan aka buɗe kasuwar baje koli ta Kano wadda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, wato KACCIMA, ke shiryawa a titin gidan zu, wajen ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba ake yin ta, muna da biki a Kano a lokacin sai muka ce bari mu leƙa. Ba kasuwar abinci zalla ba ce, akwai atamfa, akwai injina, akwai masu maganin gargajiya da lasifika, amma ɓangaren kayan ci ya ishe ka yini. Anti ba ta yi sayayya sosai ba, kallo ta yi, kuma abin da ta lura da shi ya canza mata tunani. Kusan duk matan da suka kama rumfa da kayansu na gida abin da ba ya lalacewa da wuri suka kawo: dambun nama a roba mai murfi, kilishi, alkaki, dubulan, nakiya, cincin, yajin ƙuli da na daddawa, garin kunun gyaɗa, garin ɗanwake, busasshen zoɓo da aka haɗa da citta da kanumfari. Abin da in bai ƙare yau ba gobe yana nan. Masu kunun aya kuwa duk hankalinsu na kan ƙanƙara, don shi da ya ji ɗumi ya tafi. Kuma mutane suna juya leda su duba ko akwai lambar NAFDAC da ranar da zai lalace, musamman masu saye da yawa don su kai shago.

A nan ta ga garin masa a leda, an rubuta ki zuba ruwa da yis kawai. Ta saya daga wurin mutum biyu daban don ta kwatanta, a ranta tana tunanin ko nan ne mafita, ta huta da inji da jiƙo ta koma sayar da gari. Da muka dawo ta bi abin da aka rubuta a jiki daidai, masar ta tashi, amma a baki kana jin gari-gari kuma tana hucewa take tauri. Dalilin bai da wuyar ganewa, shinkafar da aka niƙa a bushe ba ta sha ruwa ta yi laushi ba kafin inji ya taɓa ta, sannan babu dafaffiya a ciki. Da ta kwaɓa ta bar shi ya jiƙu na wasu awanni kafin ta sa yis, ta kuma ɗebi kaɗan daga garin ta yi talge da shi ta juye a ciki bayan ya huce, sai ya matso kusa sosai. Ni a ganina garin nan alheri ne ga wadda ke zaune inda babu injin markaɗe, 'yan makaranta ko 'yan uwanmu da ke ƙasashen waje, amma bai kai jiƙaƙƙiya ba, kuma shiga wannan sana'ar na buƙatar wurin busarwa mai tsabta da injin liƙe leda da rajista, jarin da Anti ba ta da shi. Ta ajiye maganar.

Sai ga wata 'yar ƙaramar kasuwar mata da aka shirya a filin wata makaranta a unguwarmu cikin Fabrairu, ta yini ɗaya, ta biya kuɗin tebur. A lokacin ƙullinta ya daidaita, oda na fita lafiya, don haka ta shiga da ƙwarin gwiwa. Ta tashi tun kafin asuba ta soye duka, aka jera da zafinta a manyan kuloli aka rufe, miyar taushe da kabewa da alayyahu da gyaɗa ita ma a tata kular. Mutane ba su fara cika filin ba sai bayan azahar. Da aka buɗe kula ta farko, na sama sun jiƙe sharkaf saboda tururin da ya taru a murfi ya riƙa ɗigowa, na ƙasa sun danne juna sun manne, gefen nan mai ja da ake so duk ya saki. Waɗanda muka fito da su a faranti don a gani kuma iskar hunturu ta busar da su suka yi tauri, don sitacin shinkafa haka yake, da ya huce yake komawa ya ɗaure. Kafin la'asar Anti ta ɗanɗana miyar ta ji ta fara juyawa. Ta rufe ta ta ce ba za a ƙara zuba wa kowa ba, duk da akwai masu tsaye da kuɗinsu, kuma wallahi wannan ya ƙara mata daraja a idona, don na san da yawa da za su watsa yaji a kai su ci gaba. Ƙa'idar da hukumar lafiya ta duniya ke koyarwa ita ce kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60 ko da sanyi ƙasa da 5, ita kuwa kular da ake buɗewa ana rufewa tun safe tana nan ne a tsakiya, daidai ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so. Ranar ko kuɗin tebur da kayan haɗi ba su dawo ba.

Ta yi kwanaki ba ta son maganar. Yaya ne ya matsa da aka buɗe baje kolin Kaduna na KADCCIMA, wato ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna, can filinsu na hanyar Zariya wajen Rigachikun, ya ce mu je ko iska ma sha. Can gefen masu abinci muka tarar da wata dattijuwa da ta ce mana daga Bauchi take, tana zaune kan 'yar kujera gaban tanda, layi a gabanta da tsakar rana, kuma babu kula ko ɗaya ta soyayyiyar masa a kusa da ita. Anti ta tsaya ta kasa tafiya. Babban bokitin ƙullin yana can baya a inuwa an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, wata yarinya na yayyafa masa ruwa lokaci lokaci. Kusa da ƙafarta kuma 'yar ƙwarya ce. In ta kusa ƙarewa sai a ɗebo mata ludayi kaɗan daga bokitin, ta lakata da yatsa ta ɗanɗana, ta tsiyaya ruwan kanwa daga wata kwalba, wani lokaci ɗigo kaɗan wani lokaci ta ƙara, sannan ta watsa sukari da gishiri da yankakkiyar albasa, ta buga da ludayi har ya yi sheƙi, sai tanda. Mai ma ba kwarara shi take ba, da ƙaramin cokali take bi gurbi gurbi, kuma kafin ta gama zuba na ƙarshe na farko ya isa juyi.

Anti ta fara saye tukuna, muka ci a tsaye, sannan ta durƙusa gefenta.

"Inna sannu da aiki, Allah ya ba da kasuwa."

"Yauwa 'yar nan, amin amin."

"Inna don Allah ni ma ina taɓa sana'ar nan a gida, amma in na ce zan kai ƙulli rana sai ya yi tsami ya faɗa, shi ya sa nake soyewa tun asuba."

"Sukarin da albasar a babban bokiti kike zubawa?"

"Eh Inna, duka nake haɗawa."

"To ai ke kike ba shi abinci yana gudu. Ki bar uwar ƙullin haka nan, wanda za ki soya yanzu shi za ki yi wa haɗi. Kanwa kuma ba a auna ta da safe a ce an gama, na azahar ya fi na hantsi tsami, sai kin ɗanɗana."

Iyakar abin da ta faɗa kenan ta juya ga tandarta, amma gani ya kori ji, mun tsaya mun kalli zagaye da yawa. Kuma in kika duba maganarta babu inda ta saɓa da abin da ke littafin Anti. Sukari abincin yis ne, in kika zuba tun farko ya cinye ya tashi da wuri ya faɗi, zaƙin ma ya tafi. Jiƙaƙƙen buhu yana sanyaya bokitin yayin da ruwan ke bushewa, yadda randa ke yi. Kanwa kuma tana kashe tsami, kuma a daidai lokacin da ta haɗu da tsamin tana fitar da iska, shi ya sa ake son a sa ta dab da suya, in ta daɗe a ciki iskar ta gudu. In ta yi yawa masa ta koma ɗorawa-ɗorawa da ɗanɗanon sabulu, wannan Anti ta riga ta gani tun a gwajin Disamba. Abin da ke ci min rai shi ne irin waɗannan iyayen namu suna nan a kowane gari da ilimin shekaru a hannunsu, amma in an shirya taron koyar da girki ba su ake kira ba. A Legas bikin abinci na GTCO, kamfanin da ke da bankin GT, da aka fara tun 2016 har azuzuwan koyarwa ake yi ana kawo manyan kuku, ana kuma ba ƙananan masu sana'a da aka zaɓa rumfa kyauta. Da za a yi irinsa a arewa a zaunar da masu masa da masu fura da mahautan kilishi su koyar da bakinsu, da ba ƙaramin abu za a tsira da shi ba.

Azumin 2024 ya kama cikin Maris, zafi ya sauko da ƙarfinsa, sai ya zama lokacin gwaji mai kyau tunda kullum ana neman abin buɗa baki. Awon Disamba a nan ya tashi daga aiki, giram 7 ɗin nan cikin 'yan awanni yake sa ƙulli ya haukace. Ta rage yis zuwa rabi, ta daina kwana da shi a waje, ta koma markaɗawa da safe don suyar yamma. Jiƙaƙƙen buhu ya taimaka amma a zafin Afrilu bai isa shi kaɗai ba, sai ta ƙara dabararta: in ƙullin ya tashi daidai yadda take so, a sa bokitin cikin babbar kula a kewaye shi da fiya wata da ya daskare, sanyin ya riƙe shi a wurin. Abu ɗaya da ta gano shi ne in aka ɗebo shi da sanyinsa aka zuba a tanda kai tsaye, baya ya ƙone ciki bai nuna ba, don haka ana ɗebo na gaba tun ana soya na yanzu ya ɗan sha iska. Ta kuma kwatanta kanwa da bekin foda a ƙulli ɗaya da aka raba biyu. Bekin foda ya fi sauƙin awo kuma masar ta fi fari, amma ba ya kashe tsami yadda kanwa ke yi, don haka da safe shi take sawa, in rana ta yi ƙullin ya fara tsami ta koma ruwan ungurnu da ta jiƙa ta tace.

Bayan sallah aka sake shirya irin waccan kasuwar matan a wani wurin taro, ta sake kama tebur. Wannan karon tanda aka ɗauka da ƙaramar tukunyar gas da uwar ƙulli a cikin ƙanƙara, miya kuma a kan kurfoti da gawayi tana ɓararraka a hankali tun daga farko har ƙarshe, ga yajin ƙuli da zuma ga wanda ba ya son miya. Ƙamshin suyar kaɗai ya yi mana talla, mutane na bin hanci suna zuwa, ƙulli ya ƙare kafin magariba kuma na ƙarshe bai bambanta da na farko ba.

Amma ba komai ne ya tafi daidai ba. Tanda ɗaya ba ta iya ɗaukar layi, mutum ya ce a ba shi ashirin na bayansa su tsaya jira, wasu suka gaji suka wuce wurin mai shawarma. Iska ta riƙa kaɗa wutar gas gefe guda sai da muka kare da kwali, gurbin tsakiya na ƙonewa na gefe bai yi ba. Da dare da aka zauna lissafi, aka cire kuɗin tebur da na Keke Napep zuwa da dawowa da ƙanƙara da gas da gawayi da robobi da ɗan abin da aka ba yarinyar da ta taya mu, ribar da ta rage ba ta kai ta odar suna guda ɗaya da ake yi a gida cikin kwanciyar hankali ba. Inda amfanin ya fito shi ne makonnin da suka biyo baya, don ta manna lambarta a kan kowace roba, kuma kiran da aka riƙa yi daga mutanen da suka ci a wurin ya fi duk wanda hoton WhatsApp ya taɓa kawowa. Saboda haka yanzu ba kowace kasuwa take shiga ba, tana tambaya tukuna su waye za su zo, ƙarfe nawa ake cika, akwai inuwa, an yarda a kunna wuta, in ba a yarda da wuta ba ko kyauta ne teburin ba ta zuwa. Ta sayi tanda ta biyu, ni nake riƙe ta in ana cunkoso.

Abin da ta sa a gaba daga baya shi ne masar gero, don akwai dattijai da ke tambaya, wasu kuma sun gaji da shinkafa. Gero ya fi saurin tsami nesa ba kusa ba, kuma ƙullinsa ba shi da danƙon da zai riƙe iska, sai masar ta fito a kwance tana farfashewa wurin juyi. Ta gwada surfe shi sosai a wanke dusar tas, ta gwada surka shi da shinkafar tuwo kashi ɗaya cikin uku, ya fi, amma launin da ɗanɗanon geron sun ragu, masu tambayar kuma geron suke so su ji. Har yanzu ba ta sa shi cikin abin da take karɓar oda ba.